Kwalaben da Ke Dawowa a Wanke

Alhamis, 8 ga Satumba 1955, ƙarfe goma na safe

Jiya da la'asar Inna Hajo ta zo da mata biyu, suka tafi da matata Lauratu cikin Birni. Uwarta ce, ba ni da ta cewa. Ta ce sai an yi arba'in. Da bango ta yi maganar, ba da ni ba, yadda suruka ke yi. Na nemo musu mota a bakin tasha. Ban raka su ba, burodi na cikin tanderu.

Na duba kalanda. Arba'in zai kama Asabar, 15 ga Oktoba. Ranar ce Lauratu za ta dawo ɗakinta. Na ja layi a ƙarƙashin ranar da jan fensir.

Akwai sauran ƙwan zabi da na saya tun Litinin, da rabin kwandon lemon tsami. Bai kamata su lalace ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na yi man lemo. Turawa kad suke ce masa. Lauratu ce ta raɗa masa sunan, wai tun da a burodi ake shafa shi kamar man shanu. A watannin nan da suka wuce ba abin da ke zama mata a ciki sai shi. Takan tsaya a ƙofar madafi ta jira in miƙa mata cokalin ta lashe.

Zan rubuta yadda ake yi, don duk Tudun Wada ba wanda ya iya sai ni, kuma ban taɓa rubutawa ba.

Lemon tsami goma sha biyu. A wanke, a kankare koren bayan nan kaɗai, kada wuƙa ta kai ga farin, shi ne mai ɗaci. A matse ruwan, a tsince 'ya'yan. Ƙwan zabi takwas, ko na kaza shida. Sukari kofi biyu. Man shanu kofi ɗaya; in na Fulani ne a wanke shi da ruwan randa sau uku har warin ƙwarya ya fita. Ba a ɗora shi kai tsaye a wuta. A tafasa ruwa a tukunya, a janye itace har ruwan ya koma motsi kaɗan-kaɗan, sai a ɗora farin kwano a bakin tukunyar, kada gindinsa ya taɓa ruwan. Kwanon dalma ba ya yi, yana sa masa ɗanɗanon ƙarfe. A kaɗa ƙwan sosai, a haɗa komai, a yi ta juyawa da cokalin katako. Minti ashirin a agogona. In ka ja yatsa a bayan cokalin hanyar ta tsaya ba ta haɗe ba, to ya yi. A tace da farin ƙyallen akoko, a ɗura a kwalbar da aka dafa.

Kwalba uku ya ba ni. Na daɗe ina kallonsu.

Juma'a, 9 ga Satumba, bayan saukowa daga masallaci

Yaya Atika ta zo daga Gyallesu duba ni. Ita kaɗai ta rage mini a dangi, kuma ita ce ke shiga gidan Inna Hajo ba shamaki. Na naɗe kwalba ɗaya a jiƙaƙƙen tsumma na ba ta.

Ta juya ta a hannu. “Kailani, wannan za a kai wa mai jego?”

Na ce shi take so.

“Kai fa? Yaushe za ka je?”

Na ce ina da odar kulob ɗin Turawa, Asabar da Lahadi. Ta ce to. Ta sa kwalbar a ƙwarya ta rufe da faifai. Ta fita.

Lahadi, 11 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Kwalbar ta dawo a wanke, tas, har murfin. Ta cinye ke nan. Na ba Yaya ta biyu. Mun shirya duk bayan kwana biyu za ta biyo ta karɓa, don a wannan ɗumi ba ya wuce kwana huɗu, ko da an binne kwalbar a jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa.

Talata, 13 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Yau kwana bakwai. Ragon da na saya don suna yana ta kuka tun asuba.

Talata, da azahar

Na kira maƙwabcina Hyacinth, mai kantin da nake sayen sukari, na ce ya kwance ragon ya kai inda ya ga dama. Ya ce, “Malam Kailani, a kai wa liman ya yi sadaka, ko?” Na ce duk yadda ya gani. Ya tsaya riƙe da igiyar. Ya ce matarsa Nkolika tana gaishe ni, wai tun ranar nan ba ta dawo daidai ba. Na ce na gode.

Na share wurin da ragon ya zauna, na zuba toka.

Juma'a, 16 ga Satumba, ƙarfe huɗu

Gwaiba ta cika kasuwa, na gwada da ita. Matar Baturen da na yi wa aikin kuku shekara tara a barikin reluwe, wadda ta koya mini, lemo kawai ta sani. Wannan nawa ne. A dafa nunanniyar gwaiba har ta farfashe, a murje a rariya 'ya'yan su tsaya. A rage ruwan lemo zuwa rabi amma kada a cire shi duka, in ba tsami abin lami yake yi. Ya fi na lemo saurin kamawa, minti goma sha biyar. Launin ya fito ja-ja kamar tafin ƙafar jariri.

Ban yi niyyar rubuta haka ba.

Aji biyu na yi a makarantar Midil, ubana ya rasu, na fito. Ba wanda ya ba ni ko tsinke. Na wanke kwanonin Bature, na goge masa takalmi, na koyi abin da ya kamata in koya, na bar shi da kaina. Tanderun nan da hannuna na gina shi, bulo ɗaya-ɗaya, haka gidan nan mai rufin kwano. Wanda ya yi wannan ba sai an koya masa riƙon iyali ba.

Asabar, 17 ga Satumba, da yamma

Kwalba ta dawo a wanke.

Litinin, 19 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na kai burodi kulob. Matar sakataren ta ce abin da na cusa a kek ɗin Lahadi ya fi wanda ake kawowa a kwalba daga ƙasarsu. Ta tambayi madam da jariri. Na ce lafiya. Ta ce in gaishe su. Na ce za su ji.

A hanya sarkar keke ta fita. Na zauna a bakin kwalbati na mayar da ita. Da na gama ban tashi ba, sai da wani mai jaki ya ce in ba shi hanya.

Laraba, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Yaya ta zo, yau ta zauna.

“Kailani, kwana goma sha shida ke nan ana wanka safe da yamma. Ka san itacen wa ake ƙonawa?”

Na ce ban sani ba.

“Na maƙwabta. Gida-gida Inna Hajo ke aikawa. Har an fara tambayarta, shin yarinyar ba ta da miji ne?”

Na ce ni a sanina wankan jego mai goyo ake yi wa. Ta dube ni yadda take dubana muna yara in na fasa tulu.

“Jikin da ya haihu ya haihu. Ko an tashi da goyo ko ba a tashi ba, sai ta yi wanka, sai ta sha kunun kanwa, sai ta ci ƙauri. Itace da ƙafafun saniya da kayan yaji, duk a wuyan miji suke. Wannan ko ɗan garuwa ya sani.”

Na gaya mata abin da na ji da kunnena daga bakin likita tun ina bariki: tafasasshen ruwan nan da kanwar nan su ke kumbura wa mata ƙafa, su toshe musu numfashi. Ba zan sayi itacen da za a dafa mini mata da shi ba. Abin da nake aika mata akwai ƙwai, akwai mai, shi zai mayar mata da jiki.

Ta ce, “To, Bature.” Haka take kirana in na ɓata mata rai. Ta ɗauki kwalbar ta tafi.

Asabar, 24 ga Satumba, ƙarfe uku

Hyacinth ya kawo mini abarba biyu, ɗan'uwansa ya aiko ta jirgin ƙasa daga kudu. Ta farko na matse ɗanya na zuba. Bai kama ba. Minti arba'in ina juyawa, ruwa tsululu, ga wani ɗaci a bayan harshe. Na zubar. Ta biyu sai na dafa ruwan tukuna har ya ragu rabi, na bari ya huce, sannan na haɗa. Ya kama. A tuna: abarba sai an dafa.

Hyacinth ya shafa a burodi ya ci. Ya ce, “Kai, wannan ko gwamna aka ba sai ya nemi ƙari.” Sannan ya kalle ni. “Amma Malam, ka rame fa. Wuyanka kamar na zabuwar da ta gama ƙwai. Kai kana cin abin nan kuwa?”

Na ce ba don ni nake yi ba.

Ya ce a garinsu in irin haka ta faru miji ba ya aike. Da ƙafarsa yake zuwa, ya zauna a ƙofar gidan surukai ko ba a kula shi ba, yau da gobe, har a gaji da tsallake shi. Na ce kowa da garinsu. Ya ce haka ne. Ya lashe yatsa ya tafi.

Ni ban iya zaman ƙofar gidan mutane ba.

Talata, 27 ga Satumba, da yamma

Kwalba ta dawo a wanke. Saura kwana goma sha takwas.

Alhamis, 29 ga Satumba, da hantsi

An yi ruwa da asuba, mai yiwuwa na ƙarshe ke nan bana. Itacen tanderu ya jiƙe, na zauna ina jiran rana.

Tun cikin yana wata bakwai Inna Hajo ta aiko a ba ta Lauratu ta je goyon ciki, yadda ake yi a haihuwar fari. Na ce a'a. Na ce matata a asibiti za ta haihu, a kan gado mai farin zane, ba a durƙushe a ɗakin ƙasa ba. Na ce in lokaci ya yi ni da kaina zan kai ta. A gaban mutane na faɗa.

Ranar Talatar nan, 6 ga wata, ina da odar kek ɗin liyafa a barikin Turawa. Da safe ta ce bayanta na ciwo. Na duba takardar da malamar asibiti ta rubuta, saura mako biyu. Na ce bari in kai in dawo, awa ɗaya. Baturiyar da ke da liyafar ta tsayar da ni in jera mata teburi. Ban ce mata a'a ba. Ƙarfe biyu na dawo. Nkolika na tarar a ƙofar ɗakin, zanenta a jiƙe, ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

Namiji ne. Bai yi kuka ba. Kafin la'asar ta wuce mun kai shi.

Ƙwan zabi ya fara ƙarewa a kasuwa. Zan koma na kaza.

Asabar, 1 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Gwanda ba ta yi. Ba ta da bakin magana, lemo ya danne ta. Kada a sake. Na aika na lemo zalla.

Litinin, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi na lemon zaƙi, da ɗan na tsami a ciki don ya tashi. Yaya ta zo, na miƙa mata, ta ƙi sa hannu.

“Na gaji da ɗaukar alhaki, Kailani.”

Na ce wane alhaki.

“Ko cokali ɗaya bai shiga bakinta ba. A makwararar ruwa ake juyewa, a wanke kwalbar da toka, a miƙo mini.”

Na ce tun yaushe. Ta ce tun ta farko.

Na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce, “Na ga shi kaɗai ke tashe ka daga kan kujerar nan.”

Na ce aikin Inna Hajo ne. Na san su. Mai jego ba ta cin ƙwai, ba ta shan tsami, ba ta taɓa abu mai sanyi. Man lemo kuwa duka ukun ya haɗa, har ma a jiƙaƙƙen tsumma nake naɗe shi don ya isa da sanyinsa. Duk na san wannan, a cikinsa aka haife ni. Ban san yadda aka yi ban tuna ba.

Yaya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce, “Ka kai itace.”

Kwalba goma sha biyu.

Talata, 4 ga Oktoba, da azahar

Ban hura tanderu ba yau. Masu karɓar burodi sun zo sun koma.

Alhamis, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Na sayi itace kayan jaki shida, ƙafafun saniya huɗu, gero, kanwa, citta, kanumfari, masoro, barkono. Na ajiye kwat na sa riga. Na bi jakunan a ƙasa ta Ƙofar Doka ina tura keke. Mutanen da ke cin burodina suna ta kallo. Wani ya ce, “Malam Kailani, an koma sana'ar itace ne?” Na ce e.

A zaure na sami Baba Nagoda, ƙanin mahaifin Lauratu, shi ne waliyyinta tun rasuwar uban. Ya shimfiɗa mini tabarma. Ya leƙa ya dubi jakunan.

“Madalla. Yau kwana nawa?”

Na ce talatin da ɗaya.

“Saura tara ke nan. Zai yi yawa. Amma a sauke.”

Daga bayan asabari Inna Hajo ta yi magana. “A ce wa Malam an gode. Allah ya ƙara arziki.” Shi ke nan abin da ta ce. Da ta yi faɗa, da na san abin da zan amsa.

Na ce ina so in ga Lauratu. Aka shiga, aka daɗe, aka fito. Wai jibi.

Asabar, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Na gan ta. A zaure na biyu, Baba Nagoda ya ba mu wuri. Ta yi haske, ta rame. Na saci kallon ƙafafunta, ba su kumbura ba. Ta zauna can gefen tabarma ta ce, “Malam, an zo lafiya?” kamar ga baƙo.

Na tambayi jiki. Ta ce da sauƙi.

Na ce na ji abin da ake yi da saƙona. Na ce ban riƙe Inna a zuciya ba, mutanen da ne, da abin da suka tarar suke aiki. Amma ya kamata ta sani kwalba goma sha biyu na aiko, kowace da hannuna na yi, har da na gwaiba da na abarba waɗanda ba a taɓa yi ba a ƙasar nan.

Ta ce, “Ba Inna ba ce. Ita cewa ta yi in ɗan taɓa ko a harshe ne, kada a wulaƙanta abin miji. Ni na ce a zubar.”

Na ce don me.



“Ranar nan da kuka dawo daga kai shi, ina kwance ina jiran ka shigo. Na ji ka cire takalmi. Na ji ka wanke hannu a bakin randa. Sai na ji shiru. Can sai na ji kana kaɗa ƙwai a madafi. Kaf, kaf, kaf. Har ƙamshin lemo ya shigo mini ɗaki.”

Na ce akwai odar Laraba, na riga na yi alkawari.

“Na sani. Ai ba ka saɓa musu.”

Ba da gatse ta faɗa ba. Da ma da gatse ne.

Na ce ranar ban san abin da zan ce mata ba ne. Abin da hannuna ya iya shi na yi.

“Ni ma ban ce ka ce komai ba. Zama kawai.”

Na ce Asabar mai zuwa zan turo mota ƙarfe tara. Ta ce ruwan wanka zai huce. Ta tashi.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da safe

Haka aka yi, ba ta ƙara komai ba. Takalmi, hannu, ƙwai. Shirun nan da ta ji, a ƙofar ɗakinta nake tsaye. Hannuna na kan labule. Ban san ko minti nawa ba, ni da ba na rabuwa da agogo. Jiya ban gaya mata wannan ba. Maganar oda ce ta fito.

Laraba, 12 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Na sa an shafa wa ɗakinta farar ƙasa.

Na kwashe kwalabe da farin kwanon da cokalin na kai wa Nkolika. Ta ce ita ba ta iya ba. Na karanta mata yadda ake yi, a hankali, ta rubuta da harshensu a bayan kwalin sukari. Da na zo kan abarba ta yi dariya, ta ce a garinsu aka haifi abarba amma sai Bahaushe ne zai koya mata dafa ta. Sannan ta daina dariyar. Ta ce, “Malam, na yi iya ƙoƙarina ranar. Ni kaɗai ce, ba wanda zan aika.” Na ce na sani. Wannan ne karo na farko da na dubi fuskarta tun ranar.

Na wanke madafi da toka da sabulu sau biyu. Har yanzu in na shiga lemo nake ji. Ko hancina ne.

Juma'a, 14 ga Oktoba, da magariba

Daga masallaci na wuce Birni. Na zauna a dakalin ƙofar gidansu tun daga nan har rana ta yi ja. Na shirya abin da zan gaya mata game da labulen. Ba a kore ni ba, ba a kira ni ba. An aiko mini da ruwa a moɗa. Hayaƙi na tashi daga cikin gidan, itacena ne.

Asabar, 15 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Mota ta tafi.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya

Direba ya dawo shi kaɗai. Wai an ce a dakata.

Asabar, ƙarfe huɗu

Ba ta zo ba.

Asabar, da magariba

Ba ta zo ba. Na rufe tagar ɗakin saboda sauro.

Litinin, 17 ga Oktoba, da azahar

Baba Nagoda ya zo da hantsi, shi kaɗai da sandarsa. Na ba shi kujera, ya ce tabarma ta fi masa. Mun daɗe muna gaisuwa. Gida, aiki, ruwan bana, yadda dawa ta yi kai. Sannan ya ajiye sandar a ƙasa.

“Malam Kailani, yarinya ta ce a roƙe ka takardarta.”

Na ce laifin me za a gaya wa mutane na yi? Ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Ban bar ta da yunwa ba. A gidan kwano na ajiye ta.

“Duk an shaida. Kwana uku muna fama da ita, ni da uwarta. Ba ta faɗi aibinka ba ko ɗaya. Cewa take in ta tuna ɗakin nan numfashinta ɗaukewa yake.” Ya gyara zama. “Ina iya tilasta ta. 'Yata ce, ba za ta ƙetare maganata ba. In ka ce haka kake so, gobe war haka tana nan.”

Ya jira. Na san zai iya. Na dubi ƙofar ɗakin, farar ƙasar ko gama bushewa ba ta yi ba ta ƙasa-ƙasa. Na ga yadda za ta shigo, ta gaishe ni, ta wuce ciki, ta kwanta tana sauraren motsina.

Na ce kada a tilasta ta.

Ya gyaɗa kai. “To ɗaya za ka rubuta. Ɗaya tana da kome, in Allah ya sanyaya zukata kafin idda ta cika. Kada zuciya ta sa ka ƙara.”

Na ce ba zuciya a ciki. Gaskiya na faɗa, ban ji komai ba.

Na ɗauko alƙalami zan fara da boko, ya ce a yi da ajami don liman ya iya karantawa. Rabona da ajami tun kafin Midil. Sau biyu yana gyara mini baƙi. Da na gama ya hura tawadar ta bushe, ya ninke, ya sa a cikin hula. Na raka shi har bakin titi. Ya ce in koma, rana ta yi zafi.

Ba wata farar takarda a gidan sai ta littafin nan. Shafin da ya kamata ya biyo bayan wannan babu shi. Ni na yage.